Ranar da 'yar aji biyu ta ƙure ni a kan wata

Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma kunya take hana ni, don gaskiya ba daɗi malami ya fito da bakinsa ya ce ɗaliba ta ƙure shi a gaban aji. Toh amma tunda abu ya wuce kuma ni na ci ribarsa, bari dai in faɗa kawai.

Ina koyar da kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a nan Gusau, 'yan aji biyu nake ɗauka. Ranar wata Talata bayan an dawo daga tara muka zo kan darasin duniya da wata da rana, na zana da'ira uku a allo, babba da matsakaiciya da 'yar ƙarama, na juyo cike da isa na ce musu dalilin da ya sa wata yake zama rabi ko ya zama siriri shine inuwar duniya ce take rufe shi kaɗan-kaɗan. Wallahi haka abun yake a kaina tun ina yaro, ban ma san inda na tsinto shi ba, kuma ban taɓa zama na bincika ba. Yara suka duƙufa suna kwafa. Sai wata yarinya can layin baya, irin masu shiru ɗin nan da sai ka duba rajista kake tuna sunansu, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, jiya da la'asar da aka aike ni kai niƙa na ga rabin wata a sama, kuma ga rana can ba ta faɗi ba, duka biyun ina kallonsu. To ta ina duniya ta shiga tsakaninsu, bayan ni ina tsaye a kanta?"

Aji ya yi tsit. Ni ma na yi tsit. Na kalli zanen da na yi, na kalli allin da ke hannuna, sai na yi abun da malamai muka saba yi in an kama mu, na ce tambaya ce mai kyau za mu dawo kanta gobe. Allah ya taimake ni aka kaɗa ƙararrawa.

Da daddare bayan isha'i an ɗauke wuta kamar kullum, sai na ɗauko lemo ɗaya a cikin wanda na siyo wa yara, na soke shi da fensir, na kunna tocilan waya na jingina ta a kan durowa daidai tsayin fuskata, na tsaya tsakiyar ɗaki na miƙa hannu da lemon nan na fara juyawa a hankali. Maiɗakina ta leƙo ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, ta ce "Malam, lafiya dai ko?" Na ce mata lafiya lau, wata nake nema. Ta girgiza kai ta koma.

Dan Allah duk ɗalibin da ke karanta wannan ya gwada da kansa, ba ya cin minti biyar. Tocilan ita ce rana, kanka shine duniya, lemon shine wata. Abu na farko da za ka lura, ko ta ina ka juya rabin lemon ne kawai yake da haske, wato gefen da ke kallon tocila, ɗaya rabin kuma duhu, wannan ba ya canzawa sam. Abun da ke canzawa shine nawa daga cikin gefen mai hasken kai kake iya hangowa. In ka fuskanci tocilan lemon na tsakaninku, bayansa mai duhu kake gani, wannan shine lokacin da muke cewa wata ya mutu ko ya ɓuya. Ka ɗan juya hagu kaɗan, sai ka ga wani siririn haske kamar yankan farce ya bayyana a gefen dama, jinjirin wata kenan, ya tsaya. Ka ci gaba har tocilan ta koma daidai kafaɗarka ta dama, rabi haske rabi duhu, ɗan kwana bakwai ko takwas, irin wanda yarinyar nan ta gani a hanyar niƙa. In ka juya wa tocilan baya gaba ɗaya, ka ɗan ɗaga lemon sama da kanka, sai ya cika fal, daren sha huɗu. Daga nan kuma sai ya dinga zaizayewa ta ɗaya gefen har ya koma inda ya faro.

Babu wata inuwar duniya a ciki ko kaɗan. Duhun da ke jikin rabin wata daren watan ne da kansa, kamar yanda mu ma rabin duniyarmu ke cikin dare a kowane lokaci. Shi wata dutse ne busasshe, ba shi da hasken kansa, na rana yake ara ya turo mana. Na zauna bakin gado ina riƙe da lemo ina jin haushin kaina, shekara nawa ina faɗa wa 'ya'yan mutane abun da ba haka ba.

Da na fahimci wannan sai abubuwa da yawa da na sani tun ina yaro suka fara haɗuwa da kansu. Misali me ya sa kullum a yamma ake neman jinjirin wata, bayan magariba, kuma in ba ka yi sauri ba ya faɗi? Saboda a lokacin yana dab da rana ne, yana biye da ita a baya, ta faɗi shi ma ba zai jima ba. Kullum kuma yana ƙara ja da baya daga gare ta da kamar digiri 12, wato ɗan fiye da faɗin dunƙulen hannunka in ka miƙa shi sama, shiyasa kowane dare fitowarsa take ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ran sha huɗu rana na faɗuwa a yamma shi yana ɓullowa a gabas, ya kwana yana haskawa, lokacin ne yara ke cika dandali ana gaɗa da langa har sai iyaye sun fito kora. Bayan kwana ashirin kuwa sai dare ya raba yake leƙowa, 'yan ashirin da bakwai sai mai zuwa sallar asuba ne ke ganinsa siriri a gabas. Duk mun san wannan, kakanninmu sun fi mu saninsa ma, kawai dai ba a taɓa haɗa mana shi da zanen da ke cikin littafin makaranta ba, sai ya zama kamar watan littafi daban, watan da ake duba wa azumi daban.

Daga mutuwar wata zuwa wata mutuwar kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Ka ga ba 29 cif ba, ba kuma 30 ba, tsakiya ya faɗo, shiyasa wani watan ya yi nuƙusani wani ya cika talatin, amma ba za ka taɓa jin ya yi 31 ba. Kuma nan ne amsar musun nan da ake yi duk shekara a majalisa, in an ga jinjirin ya ɗan yi kauri sai ka ji wani ya ce ai wannan ɗan kwana biyu ne an ci mana azumi ɗaya. Ba dole bane. In watan jiya da magariba bai wuce awa goma da rabuwa da rana ba ido ba zai kama shi ba, ya yi siriri da yawa kuma hasken yamma ya shanye shi, to kafin magaribar yau ya ƙara awa 24 a kai, ya zama ɗan awa talatin da wani abu, dole ka gan shi da kauri kuma ya daɗe bai faɗi ba, alhali daren farko ne da aka iya ganinsa. Ni dai nan na tsaya, maganar tsayar da azumi da salla ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce da kwamitinsa na ganin wata, ni lissafin kawai nake nuna wa yara.

Wani abun sha'awa da nake so ku duba in wata na ɗan kwana biyu ko uku, ku kalli gefen da ba haske da kyau, za ku ga da'irar gaba ɗaya tana nan dishi-dishi kamar toka. Wannan hasken namu ne. Rana ta haska duniya, duniya ta tura wa wata, wata ya sake dawo mana da shi.

In ka tara watanni 12 za ka samu kwana 354 da 'yan awanni, ita kuwa duniya sai ta yi kwana 365 da kusan awa 6 kafin ta gama zagaya rana. Ratar kwana 11 kenan, ita ce take jan azumi baya duk shekara. A 2016 cikin Yuni muka fara azumi, a 2025 kuwa farkon Maris, kuma a 2030 in Allah ya kai mu watan azumi sau biyu zai shigo cikin shekarar Bature ɗaya, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Sai an yi wajen shekara 33 yake dawowa inda ya bari. Awa 6 ɗin can da ke rara su ake tarawa duk shekara huɗu a ba Fabrairu kwana 29. Shi ya sa ma manomi ba ya shuka da lissafin watan Musulunci, ruwa rana yake bi ba wata ba. Malamanmu na zaure sun daɗe da gane haka, suna da lissafinsu na taurari 28, kowanne kwana 13 ɗaya kuma 14, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, in ka tara 365 ne daidai. Ilimin falaki ba baƙo bane a ƙasar nan, mu ne dai 'yan boko muka zo muna yi kamar da mu aka fara.

Washegari na shiga ajin da leda cike da lemo, kuɗina na cire na siya. Kafin komai na ce su buɗe littafi su soke abun da na sa su rubuta jiya, kuskure na yi, 'yar'uwarku ce ta yi daidai. Kun san yara, sai aji ya kaure da ihu da tafi, ita kuwa ta rufe fuska da hijabi. Muka rufe tagogi, muka yi abun lemo da tocila layi-layi. Kafin a zo layi na uku lemo biyu sun ɓace, na ga wani yaro yana goge baki, na tambaye shi ina watansa ya ce Malam ya faɗi.

Daga nan na fitar da su fili, don akwai wata ƙaryar kuma da zanen allo ke yi mana, ta girma da nisa. A littafi za ka ga rana da duniya da wata a jere kamar 'yan gida ɗaya a kan tabarma. In duniya ce lemon nan, wata bai wuce ɗan kanya ba, don faɗin duniya kilomita 12,742 ne shi kuma 3,474, ɗan fiye da kwata. Nisan da ke tsakaninsu kilomita 384,400, wato sai ka jera lemo 30 kafin ka aje ɗan kanyar, taku uku kenan na babba. Na sa yaro ɗaya ya riƙe lemo, wani ya riƙe tsakuwa ya ja baya taku uku. Sai na ce to ina za mu aje rana? Wani ya ce bakin aji, wani ya ce wajen tuta. Na ce musu a wannan ma'aunin rana ƙwallo ce mai tsayin mita takwas, kamar gidan bene, kuma sai an kai ta kusan kilomita ɗaya daga nan, can bayan kasuwa. Faɗinta ya ninka na duniya sau 109, nisanta kuma kilomita miliyan 150 ne. Da akwai titi, direba ya taka gudun 100 ba tsayawa shan mai ba salla ba barci, kwana 160 zai kai shi wata, amma rana sai ya shekara 170 da ɗoriya. Haske da ba abun da ya kai shi gudu ma sai ya yi minti 8 da sakan 20 kafin ya iso mana daga rana, daga wata kuwa sakan ɗaya da ɗan kaɗan.

A filin nan ne mai cin lemo ya fanshi kansa. Ya ce Malam, in dai duk ƙarshen wata sai wata ya shiga tsakaninmu da rana, me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Wannan karon na shirya. Hanyar da wata ke bi ba a shimfiɗe take daidai da hanyar da duniya ke bi ba, ta ɗan karkace da digiri 5, saboda haka yawanci sai ya wuce ta saman rana ko ta ƙasanta, inuwarsa ta zarce sarari ba ta taɓa mu ba. Sai lokaci-lokaci, kamar sau biyu a shekara, ake samun su ukun su daidaita a layi ɗaya. In wata ne a tsakiya husufin rana kenan, kuma ba ya yiwuwa sai ƙarshen wata. In duniya ce a tsakiya husufin wata kenan, shi kuma sai daren sha huɗu ko sha biyar. To a nan ne kaɗai inuwar duniya ke faɗawa kan wata, abun da na ɗauka na yaɓa wa kowane dare.

Muna yara in wata ya yi zazzaɓi cewa ake rana ce ta kama shi, mu fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanuka muna ta duka muna zaga unguwa wai sai ta sake shi, manya kuma suna masallaci. Yanzu in na tuna dariya nake, ashe mu ne muka tare wa bawan Allah haske da duniyarmu, muna can muna zargin rana. Wanda aka yi daren 27 ga Yulin 2018, tsakiyar Zulƙida, na kalle shi daga farko har ƙarshe a kan dakalin ƙofar gida, awa ɗaya da minti 43 yana cikin inuwa tsundum, shine mafi tsawo a wannan ƙarnin. Bai ɓace ba, ja ya yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa, saboda iskar da ta lulluɓe duniya tana tankwaro jan hasken rana ta watsa masa, irin jan da muke gani a sama da magariba. Kuma in kun samu irinsa ku lura da bakin inuwar lokacin da take shiga, a lanƙwashe take kullum kamar gefen faifai. Masu musun cewa duniya a mulmule take, inuwarta ce nan a sama kowa na gani, ba sai an tambayi Amurka ba.

Amma wanda ba zan taɓa mantawa ba shine na rana, Laraba 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar, 'yan kwanaki bayan an gama ƙidayar jama'a. Lokacin ina ɗan sakandare. Inuwar watan ta taso tun daga Burazil ta tsallako teku ta shigo Gana da Togo da Benin, ta ratsa ta Saki a jihar Oyo ta biyo ta kanmu nan Gusau, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya har Turkiyya. An yi ta sanarwa a rediyo tun kafin ranar, wasu suka ce ƙaryar Turawa ce wa ya san gaibu. Da hantsi sai hasken ya fara canzawa, ba irin na hadari ba, wani iri dai kamar an saka wa gari tabarau, zafin nan na Maris ya sauka, iska mai sanyi ta taso. Ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidanmu duk ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a ƙasa, ni abun da ya fara ba ni tsoro kenan. Wajen goma da rabi kawai sai gari ya rufe. Kaji suka nufi akurki, awaki suna ta kuka, tauraro ya fito ƙiri-ƙiri da safe, inda rana take kuma sai wani baƙin faifai da farin haske ya kewaye shi kamar gashi. Kakata tana riƙe da hannuna gam tana salati, ta ce "Kai ɗan nan, sunkuyar da kanka." Minti uku da wani abu aka yi a haka, amma in ka tambayi duk wanda ya gani zai ce maka ya fi. Sai wani ɗigon haske ya tsargo ta gefe, zakaru suka hau cara kamar asuba.

Abun da ke sa wata ɗan ƙarami ya iya rufe rana ruf shine rana ta fi shi faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa kusan sau 400, sai suka zo daidai wa daida a idonmu. Ni duk lokacin da na zo nan a darasi sai na ɗan yi shiru, ikon Allah kenan. Kuma ina tuna wa yara cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwar ne, shi da kansa ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla a yi addu'a. Saboda haka mai cewa husufi alamar mutuwar wani babba ce ko zunubin mutanen gari kaza, ba daga nan ya samo ba. Sanin ranar da zai faru kuma lissafi ne, kamar yanda kalandar masallaci ke gaya maka ƙarfe nawa rana za ta faɗi watan gobe. Ga biyu ma ku rubuta ku aje, 2 ga Agustan 2027 inuwar za ta bi ta Luksor a Masar ta bi ta Jidda da Makka, a wani wajen duhun zai haura minti shida. Sai 20 ga Maris 2034, wannan namu ne, zai shigo ta Legas da birnin Benin ya ratsa ƙasar nan ya wuce Kamaru da Chadi da Sudan. Yaran ajina suka hau lissafin shekarunsu a lokacin, wata ta ce ita tana ɗakin mijinta ma.

Gargaɗi ɗaya dai, kar wanda ya kalli rana da ido tsirara lokacin husufi, ko da saura siriri ne. Baƙin gilashi na gayu ba ya karewa, haka fim ɗin hoton ƙashi na asibiti da kallo cikin ruwan bahon da muka yi ta yi a 2006, Allah ne kawai ya tsare mu. Tana ƙona cikin ido ba tare da ka ji zafi ba. Ka huda kwali da allura ka juya wa rana baya ka kalli hoton da zai faɗo a ƙasa, ko ka ɗauko rariyar ɗakin girki, ko ka je gindin bishiya.

Maganar juyawar duniya kuwa ba ta ba ni wahala ba, da azumi na koyar da ita. Na ce wa ke da 'yan'uwa a Maiduguri? Hannaye suka tashi. Wa ke riga shan ruwa, ku ko su? Su ne Malam. Toh me ya sa, bayan agogonmu ɗaya? Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, zagaye ɗaya cikin awa 24, wato kowane digiri ɗaya minti huɗu. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri 8, shiyasa Babarbare ya kai rabin awa da cinye dabinonsa kafin Basakkwace ya ji kiran salla. Shine kuma ya sa ake nuna mana sallar magariba ta Makka a talabijin mu nan ko la'asar ba ta yi sanyi ba.

Sai na ƙarshe, wanda na tabbata ko manya da yawa za su faɗi in aka tambaye su. Me ke kawo zafi da sanyi? Kusan kowa cewa zai yi lokacin zafi mun matso kusa da rana ne. To ku riƙe kujerunku, farkon Janairu, lokacin da muke ƙudundune cikin bargo ana jin ɗumi a bakin murhu leɓe duk ya tsage, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147. Farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Abun ba a nisa yake ba, a karkata yake. Duniya ba a tsaye kyam take juyawa ba, ta kishingiɗa da digiri 23 da rabi, kuma haka take zagaya rana a kishingiɗe ta fuska ɗaya. Wata shida arewacinta ne ke fuskantar rana sosai, wata shida kudancinta. Masu kallon ƙwallo za su tuna gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, Yuni da Yuli ne amma 'yan wasa da safar hannu, 'yan kallo da rigunan sanyi, don su lokacin ne hunturunsu. Mu nan da muke wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, a Disamba rana ta kudu take ratsewa, haskenta a gicciye yake zuwa, iskar Sahara kuma ta samu hanya ta kwaso mana ƙura tun daga Chadi. In ta dawo ta tsaya mana a ka cikin Afrilu sai bazara ta gasa mu, daga baya iska mai laima daga tekun Atilantika ta biyo sawunta, damina kenan. Tsawon yini ma yana motsawa, a Yuni kusan awa 13, a Disamba wajen 11 da rabi, namu da sauƙi, 'yan'uwanmu da ke Landan yininsu na Yuni ya haura awa 16.

Wannan ma ba sai ka yarda da ni ba, sanda ta isa. Ka kafa ta a miƙe a inda rana ke samu, ka dinga duba inuwarta da tsakar rana kafin azahar, lokacin da ta fi gajarta. A Disamba za ka ga ta yi tsawo ta nufi arewa. Tana ta raguwa har wajen 21 ko 22 ga Afrilu, ranar sai ka nemi inuwa ka rasa, ta shige ƙarƙashin sandar. Daga nan ta koma ɓangaren kudu har wajen 21 ga Agusta ta sake ɓacewa, sannan ta dawo arewa. Da irin wannan inuwar ce wani masani a Iskandariya ta Masar, Eratostenis, ya auna kewayen duniya fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya kwatanta inuwar garinsu da ta Aswan, kuma bai yi nisa da kilomita 40,000 da aka sani yau ba. Kuma da ita za ka iya duba alƙiblar gidanku kyauta, don ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye daidai saman Ka'aba, duk inda ka ga rana a wannan mintin can ne alƙibla, inuwar sandarka kuma tana nuna bayanta.

Mun kafa tamu sandar a bayan aji tun cikin Fabrairu, na naɗa yarinyar nan ta layin baya ita ce mai riƙe littafin awo, duk Litinin da Alhamis ta fita da rula ta auna ta rubuta. Mun yi sati biyar lafiya lau inuwa na ta gajarcewa, yara har sun fara musu a kan ranar da za ta ɓace. Ran nan muka zo da safe ba sanda ba alamarta, ashe Baba maigadi ne ya tuge ta ya ɗaure akuyarsa da ita can gindin mangwaro. Da na yi masa magana ya ce "Ayya Malam, ai na ɗauka yara ne suka kafa don wasa." Yanzu dai guntun rodi muka samu muka zuba masa siminti, muka sake awo daga farko, kuma na roƙi Baba ya dinga duba mana shi ranar Asabar da Lahadi.